Ranar da Babanku Ya Zauna a Bayan Ƙofa

Ranar addu'ar bakwai ta babanku, ina daga cikin ɗaki ina jin ku a tsakar gida kuna hira da baƙi. Na ji babbanku yana cewa Allah ya jiƙan Baba, mutumin kirki ne, sai dai sakacinsa ne ya sa aka koro shi daga Saudiyya, Mama ce ta tsaya ta riƙe mu. Ba wanda ya musa masa. Ni ma ban musa ba, na ja mayafi na rufe fuska, mata suka ɗauka kukan rashi nake yi. Shi ya sa na sa aka sayo mini littafin nan da biro. Na gwada faɗa muku baki da baki ya fi a ƙirga, na kasa. Ku karanta kawai, in kun gama ku yi mini duk kallon da kuka ga dama.

Babanku ne ya fara tafiya Riyad. Ya shekara huɗu yana gyaran kwamfuta a shagon wani Balarabe, Abu Nawaf, a unguwar Manfuha, kafin ya roƙa mini biza a matsayin 'yar aikin matarsa, Ummu Nawaf, wadda muke ce wa Madam. Ku kuma muka bar ku a Damagaram wajen Inna, autarku ba a daɗe da yaye ta ba. Abu Nawaf shi ne kafilin babanku, mai tsaya masa wajen hukuma, shi ne kuma nawa, wato iƙamarmu, takardar izinin zamanmu mu biyun, a hannun gida ɗaya take. In sun ce mu zauna mun zauna, in sun ce halas, sai filin jirgi. Ku riƙe wannan a ranku, don duk abin da zan faɗa a kansa ya rataya.

Madam sana'arta ɗaukar bidiyon bikin mata. A can, ɗakin taron mata ko ƙeyar namiji ba a gani, wayoyi ma a bakin ƙofa ake karɓewa. Da an shiga sai a tuɓe abaya, a saki gashi, a yi ta rawa, tsohuwa da yarinya. Mace ce kaɗai ke riƙe kyamara, kuma ba kowace mace ake yarda da ita ba. Abin da ya sa manyan gidaje ke layi a kan Madam alkawarinta ne: kwafi ɗaya tak. Da mun dawo daga biki za a juye abin da ke cikin memorin kyamara zuwa kwamfuta, a goge memorin a gaban wata daga dangin amarya. In an gama tacewa a zuba wa uwar amarya a filashi, a goge na kwamfutar. Muddin kuwa akwai hoton mata a cikin injin nan, hannun namiji ba ya taɓa shi, idonsa ba ya kallon allonsa. Ko Abu Nawaf bai isa ba. Ni da ɗaukar jaka da riƙe fitila na fara, amma kun san ni da rawar kai, ga shi na yi lakwal, makarantar boko, har aji shida. Cikin shekara biyu ni nake zama ina tace bidiyon, Madam tana gefe tana shan gahawa tana cewa a cire nan, a ƙara can.

Ita kwamfutar, babanku ne ya haɗa ta, lokacin ba komai a cikinta. Bidiyon kyamara uku yana da nauyi, tsohuwarmu sai ta yi ta tsayawa kamar jakin da ya ƙi hanya. Sai ya saka faifan ajiya biyu, ya haɗa su da manhaja suka zama ɗaya, abin da 'yan sana'arsu ke ce wa reid. Ya ce mini in ɗauka lugude ne, mata biyu a turmi ɗaya, wannan ta sauke taɓarya waccan ta ɗaga, daka ya yi sauri. Amma ya ce kowane hoto yayyanka shi ake yi, yanki ɗaya a faifan farko, mai bi masa a na biyu, haka har ƙarshe. In faifai ɗaya ya tafi, abin da ke ɗayan ba ya amfanar kowa. Don haka ya roƙi Madam ta sayi na uku a riƙa ajiye kwafi. Daga bayan labule ta ba shi amsa.

"La, la, la, ya Yusuf. Kwafi biyu? So kake a rufe mini sana'a? Ɗaya na ce, ɗaya ne."

Babanku ba ya jayayya da kafili, ba ya ma jayayya da kowa, ni ce mai bakin.

Shekara guda injin nan yana gudu lafiya lau. Sai muka ɗauki bikin 'yar wani babban gida, 'ya mace ɗaya tilo a wajen uwarta. Kwana tara ina kan aikin a ɗakin aikinmu na sama a gidan Madam da ke unguwar Suwaidi, saura in zuba a filashi, uwar amarya za ta zo karɓa bayan la'asar. Da safen ranar kwamfutar tana cikin sabunta kanta wutar gidan ta yanke, an jona dutsen guga da tanda a kan na'urorin sanyi. Da aka maido da wuta na kunna, sai baƙin allo da fararen rubutu. Na kashe na sake kunnawa, haka. Sau huɗu. Na kuwa san memorin kyamara an goge su tun daren biki. Duk duniya ba inda bikin yarinyar nan yake sai cikin baƙin akwatin da ke gabana.

Wajen ƙarfe goma babanku ya iso da filashinsa a aljihu. Madam ta tare shi a kan bene, fuskarta a rufe. Ya yi mata bayani da Larabcinsa na shago cewa babbar manhajar da ke tayar da injin ce ta lalace, Linux, sai an sake ɗora ta, bidiyon kuwa yana nan a ɓangarensa in sha Allahu. Ya ce ba hoton kowa da zai gani, rubutu ne kawai. Ta ce ta yi wa mutane rantsuwa da Allah, ba ta rantse da sharaɗin rubutu ko hoto ba. Aka kawo masa kujerar roba aka ajiye a bayan ƙofa, aka buɗe ƙofar kamar faɗin tafin hannu, aka saki labule. Ni a ciki gaban kwamfuta, shi a waje. Shi ne kan, ni ce ido da hannu.

"Rabi, ki natsu," in ji shi. "Duk abin da ya fito ki karanta mini, ko ɗigo ne. Kada ki danna komai sai na ce."

"To, Malam."

"Ba 'to' ta baki ba. Na san ki."

Na saka filashin, injin ya tashi daga cikinsa. Kafin komai ya sa na buɗe wani baƙin wurin rubutu, ya yi ta jero mini haruffa ɗaya bayan ɗaya, layi mai tsawo, da gajerun sanduna da tazara a tsakani. Sau biyu ina kuskure yana sa ni in goge. Ya ce filashin nan baƙo ne, bai san faifan biyu a haɗe suke ba, kallon kowanne yake yi daban, wannan layin ne zai haɗa masa su. Da na danna, ya ce in duba jerin faya-fayan in gaya masa nawa na gani. Na ce ɗazu biyu ne, yanzu ga na uku ya fito, ya fi su girma. Na ji ya sauke numfashi ta bayan labulen. Ya ce na ukun nan shi ne haɗin, da shi kaɗai za mu yi aiki, biyun can ko kallonsu kada in yi. A cikinsa akwai ɓangare biyu, ƙarami na manhaja, babba na bidiyo. Ya sa na zaɓi ƙaramin, ya sa na karanta masa girmansa sau uku. Gargaɗi ya fito cewa za a goge abin da ke ciki. Ya ce wannan gargaɗin na ƙaramin ɓangare ne, in ci gaba da bismillah. Na danna.

Wani layi ya fara cika a hankali. Madam tana kai da komo a bayana, turarenta har yana hawa mini kai, kowane minti biyu sai ta ce, "Ha? Halas?" Ni kuwa ba abin da nake yi sai salati a zuci. Layin yana cika, aka kira azahar a masallacin unguwa. Na karanta wa babanku cewa an gama, ga wani maɓalli yana cewa a sake tayar da injin. Na ji ƙarar kujerarsa ya miƙe.

"Alhamdu lillahi, mun ci rabi da kwata. Amma kada ki taɓa wannan maɓallin. Saura aiki ɗaya. Sabuwar manhajar ita ma ba ta san haɗin ba tukuna, sai mun saka mata abin da za ta gane shi. In kika tayar da ita yanzu ba za ta tashi ba. Bari in yi salla in dawo, minti goma sha biyar. Ki naɗe hannunki."

Ya sauka. Bai kai bakin gida ba wayar Madam ta yi ƙara, uwar amarya ce, wai ta fasa la'asar, tana nan tafe da an idar da salla don suna da baƙi daga yankin Ƙasim masu son kallo. Madam ta ajiye waya ta dubi allon. Ba ta jin Turanci amma ta san kalmar gamawa in ta gan ta.

"Ya gama mana, ya Rabi'a! Yalla, kunna. Mijin nan naki komai sai ya ja shi."

Ta faɗa ta sauka yin alwala, ba ta ma tsaya ta gani ba. 'Ya'yana, ba zan ɗora wa Madam ba. Na ji abin da babanku ya ce sarai, da Hausa ya faɗa, ba da wani yare ba. Amma shekara biyu ni ake nunawa a gidan nan ana cewa Rabi'a ta san kwamfuta, kai ya kumbura. Na ce a raina, me zai faru in na gwada? In ta tashi na burge kowa. Na danna. Injin ya mutu, ya taso, ya tsaya a baƙin allo da fararen rubutu, sak irin na safe.

Wayyo Allah. Abin da ke ci mini rai har gobe shi ne, a wannan lokacin ba abin da ya ɓace. Da na naɗe hannuna kamar yadda aka ce, da ya dawo ya yi mini faɗan minti ɗaya ya gyara. Amma tsoro ya rufe mini ido. Na ga kamar na kashe bikin ke nan, na ga uwar amarya a ƙofa, na ga iƙama ta tafi. Kuma gaskiya ba na son ya dawo ya ce, ai na ce na san ki. Na ce bari in maimaita abin da muka yi da sauri kafin kowa ya hawo, ba wanda zai sani. Na sake tayar da injin daga filashi. Dogon layin nan na farko ban rubuta shi ba, ban kuma riƙe shi ba, sai na tsallake shi. Jerin ya fito da faifai biyu, ba na uku. Na gani, wallahi na gani, zuciyata ta ce Rabi tsaya. Sai na ji liman ya yi sallama ta lasifika. Na zaɓi faifan farko. Gargaɗi ya fito, na ce ai ɗazu ma ya fito aka ce in ci gaba. Na danna.

Layin ya ɗan yi nisa na ji takunsa a kan bene, ya zauna, kujerar ta yi ƙara.

"To, Rabi, karanta mini inda muka tsaya."

Na karanta masa. Muryata ni kaina ban gane ta ba. Ya tambaye ni faifai nawa na gani kafin in danna, na ce biyu. Sai ya ce, da wata murya ƙasa-ƙasa:

"Cire wayar wuta daga bango. Yanzu. Kada ki kashe, fizge ta."

Na fizge. Ƙarar injin ta ɗauke, ɗakin ya yi tsit. Daidai nan Madam ta hawo da carbi a hannu tana tambayar me ya faru. Ta waiwaya wajen labule. Na ji babanku ya miƙe tsaye.

"Madam, an sami kuskure. An rubuta manhaja a kan ɗaya daga cikin faya-fayan, ta taka haɗin. Ni na ce mata ta danna kafin in tafi masallaci. Ban bincika ba. Laifina ne."

Ina zaune ina ji. Taku uku ne tsakanina da Madam. Kalma biyu ta ishe ni, in ce "Ni ce." Na sunkuyar da kai ina kallon wayar wutar da ke hannuna.

Abin da ya biyo baya ba na son tuna shi. Madam ta yi ihu har maƙwabta suka leƙo, aka kira Abu Nawaf daga shago, uwar amarya ta iso ta tarar da gida a hargitse. Babanku bai gudu ba, yana tsaye a kan bene yana shan zagi. Da aka ɗan lafa ya ce akwai sauran fata. Ya ce farkon faifan kawai aka taka, bidiyon yana can ciki, zai iya gwada ɗinke haɗin da hannu. Amma sai an ba shi faya-fayan kwana biyu ko uku, kuma dole ya riƙa buɗe bidiyon yana dubawa, don ta haka kaɗai zai san ko yankunan sun hau daidai. Ni ba zan iya wannan ta bayan labule ba. Kowa ya zuba wa uwar amarya ido. Dattijuwa ce mai sanyin magana, tana kuka ba sauti. Ta ce 'yarta da 'yan uwanta da ƙawayenta duk kansu a buɗe yake a ciki, amana suka ba ta, ba ita kaɗai ke da fuskokin ba. Ta ce ta haƙura da bikin, amma a fasa faya-fayan a gabanta. Tunda namiji ba zai taɓa ba, ni aka miƙa wa sukundireba na kwance su, ni aka miƙa wa guduma. A tsakar gidan Madam, cikin rana, na durƙusa na farfasa su da hannuna.

Bayan magariba a ɗakinmu na Manfuha na ce masa gobe da safe zan je in faɗi gaskiya. Yana zaune a bakin katifa yana cire safa, ko ɗago kai bai yi ba.

"In kika faɗa, mu biyu za su kora. Ke don kin danna, ni don na yi musu ƙarya. Masu gyara irina sun cika Manfuha, gobe Abu Nawaf zai sami wani. Mace mai tace bidiyo kuwa Madam ba ta da kamarki, za ta riƙe ki. Yara huɗu ne a gida, Rabi. Ɗayanmu ya zauna."

"To ka yi mini faɗa mana! Ka zage ni, ka ce wani abu!"

"Na gaji. Akwai sauran shinkafar jiya?"

Na zuba masa ina kuka, ya cinye tas. Ya sa na yi masa alkawarin ba zan gaya wa kowa ba, har ku, wai kada yara su raina uwarsu tana nesa. Ban tambaye shi ba, shi fa, in suka raina shi yana kusa? Ban tambaya ba don ina tsoron amsar, kuma don alkawarin ya yi mini daɗi. Mako uku bayan nan Abu Nawaf ya buga masa fita ta dindindin. Sauran kun san shi, a gabanku aka yi: teburin gyaran waya a bakin kasuwa, da habaicin dangi, da shekara bakwai da na ƙara a can ana ta sa mini albarka.

Ga abin da ba wanda ya sani sai ni. Bayan tafiyarsa da mako guda Madam ta sayo sababbin faya-fayai, biyu dai, ba uku ba, ta ajiye a gabana tana tunanin wanda za a kira. A daren da ya gabata kuwa ina kwashe kayan ɗaki na tarar da takarda a cikin jakar aikina, shafi huɗu da rubutun babanku. Ya jera mini komai ɗaya bayan ɗaya, yadda ake haɗa faifan, dogon layin nan harafi-harafi, inda ake dannawa da inda ba a dannawa. Ba gaisuwa, ba gori. Na ce wa Madam ta bari in gwada. Na ɓoye takardar a kan cinyata ƙarƙashin tebur, na bi ta tun daga sama har ƙasa. Kafin azahar injin ya tashi lafiya lau. Madam ta tafa hannu, ta dafa kafaɗata.

"Ma sha Allah, ya Rabi'a! Wallahi kin fi mijinki. Da ke muka bar wa tun farko, da ba a yi wannan asarar ba."

Takardarsa tana kan cinyata, hannuna a kanta. Na ɗago kai na yi mata murmushi, na ce, "Na gode, Madam."